Makullin a-kori-kurar Malam Sallau

To, ku matso kusa, mai waya ya sa ta aljihu. Labarin wata tsohuwar a-kori-kura zan ba ku, da wani ɗan ƙarfe da bai cika tafin hannu ba, kuma idan na gama babu mai tashi sai kun yanke mini hukunci.

A Rijiyar Kalgo, can arewa inda kwalta ke ƙarewa yashi ya karɓa, akwai wani tsohon direba da ake kira Malam Sallau. Shekara arba'in yana riƙe da sitiyari kafin shanyewar ɓarin jiki ta sauke shi. Hannun dama ya mutu, ƙafa tana ja, harshe ya yi nauyi, amma kunne da hankali suna nan garau. Motarsa fara ce a da, yanzu kuwa sai dai a ce launin ƙasa. Tana tsaye ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, kullum da hantsi a shimfiɗa masa tabarma kusa da ita ya zauna yana kallonta. Makullin yana rataye a wuyansa da igiyar fata. In za a kai hatsi kasuwa a ara, in an dawo a mayar masa da abinsa.

'Ya'yansa uku ne, uwarsu ta riga mu gidan gaskiya. Babban shi ne Mati, manomin riɗi, ƙaƙƙarfa mai ƙarancin magana. Ɗan fari ne, don haka uban bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce "Mutumin nan." Ta biyu Ladidi, mai awara, tana aure a unguwar gabas, kuma sunan kakarta ta ci, shi ya sa uban ke ce mata "Uwata." Na uku Tanimu, mai gyaran injin ban-ruwa a fadama. Ya tara iyali, har da furfura ɗaya-ɗaya a gemu, amma a bakin uban har gobe Auta ne.

Malam Sallau yana da ciwon da ya girmi na jikinsa. Yana da wa a Tudun Aduwa mai suna Nomau, wanda ya riƙe shi tun iyayensu suka rasu, ya koya masa tuƙi, ya yi masa aure. Da ƙarfinsu ya kawo suka haɗa suka sayi mota guda. Wata bazara motar ta fara zafi, sai makanikan tasha suka faɗi abin da suke faɗa har yau: tamostat ne, na ƙasar sanyi ne, cire ka jefar. Ga wanda bai sani ba, tamostat wani ɗan ƙarfe ne mai sifirin da ke zaune a maƙogwaron inji yana gadin ruwa. In inji da sanyi ya rufe hanya, in ya yi zafi ya buɗe, ruwa ya tafi lagireto ya huce ya dawo. Nomau ya ce kada a cire, a nemo wanda ke buɗewa da wuri a sa. Sallau, da yake a lokacin jini na tafasa, ya bari wansa ya tafi masallaci ya sa aka cire. A irin injin nan kuwa, in babu mai gadin sai ruwan ya riƙa yanke hanya yana zagaye cikin inji, kaɗan ne ke kaiwa lagireto. Ba a yi mako biyu ba injin ya ƙone a hanyar kasuwa.

Nomau ya yi masa faɗa a gaban mutane. Sallau ya ɗaga kai ya ce, "Ai ba kai ka haife ni ba."

Magana guda ke nan, ta ci shekara ashirin da biyu. Kun san halinmu mu maza. Mata suna ta zumuncinsu, ana aika goron suna, ana aika ta'aziyya, amma tsofaffin nan biyu kowa ya kafe yana jiran ɗaya ya fara sallama. Sallau ya san shi ne da laifi, ya sani tun a ranar, kunya ce kawai ta zama masa katanga, kowace shekara tana ƙara tsawo.

Ranar wata Talata cikin tsakiyar bazara aka bugo waya da sassafe. Nomau yana jin jiki, kwana uku bai ci komai ba, kuma ba ya kiran kowa sai Sallau. Tsohon ya ji, ya ciro makulli daga wuyansa da hannun hagu ya miƙa wa Tanimu.

Tudun Aduwa tafiyar awa uku ce cikin yashi tsantsa. Motar haya ba ta shiga, babur ba zai zaunu ga mai shanyayyen jiki ba, amalanken shanu kwana biyu ne cikin zafin rana mai iya kashe mai lafiya ma, kuma ba a bin hanyar da dare. Sai a-kori-kura. Aka shimfiɗa katifa a baya, aka kwantar da shi, aka kama hanya. Injin da ke cikinta ɗan Beljiyom ne, da sanyin da ya wuce aka sa shi, bai taɓa haɗuwa da yashin bazara ba. Ba su ci kwatan tafiya ba allurar zafi ta haye ja, tururi ya turnuƙe daga bonet. Aka jira, aka ƙara ruwa, aka taɓa gaba kaɗan, ta sake. Sau huɗu ana haka. Da la'asar shanun wani Bafulatani ne suka jawo ta gida. Aka sauko da Malam Sallau, ya juya fuska jikin bango, 'ya'yansa suka ga kafaɗarsa tana rawa. Tun rasuwar uwarsu ba su ga kukansa ba.

Maƙwabta suka taru a gindin dalbejiya, kowa ya zama makanike. Bakinsu ya zo ɗaya: a cire tamostat a jefar, gobe da safe a wuce. Sai aka ji tsohon yana bugun ƙasa da tafin hagu. Ya yi magana, harshen ya ƙi, ya sake. Ladidi ce ta durƙusa ta kai kunne bakinsa, don ita ta fi kowa gane maganarsa tun da ciwon ya same shi.

"Baba ya ce ba cirewa ba," in ji ta. "Canzawa. A nemo mai buɗewa da wuri. Ya ce ba zai je gaban Baffa Nomau da motar da aka cire wa tamostat ba, ko da a ka za a ɗauke ta."

Ya sa aka kawo kwali da gawayi, ya zana siffar abin da hannun da bai saba rubutu ba. Ya sa aka kawo ƙaramin gwangwanin tumatir, ya nuna gindinsa, ya ce faɗinsa ke nan. Daga nan ya dubi ɗan farinsa ya ce, "Mutumin nan."

Mati bai san komai a kan inji ba, in ka nuna masa fulogi zai iya ce maka kwalbar turare ce. Amma ana sallame asuba ya hau babur da kwali da gwangwani a aljihu, ya nufi garin da ke bakin kwalta. Abin da ya same shi ba daga bakinsa aka ji ba, daga baya ne mutane suka riƙa kawo labarin guntu-guntu. Shagunan kayan mota biyu ne a garin. Na farko ya ce bai taɓa ajiye tamostat ba, wa zai saya, kowa cirewa yake. Na biyu irin na ƙasar sanyin ne da shi. Aka kwatanta masa wani mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, a bayan gari, ya je ya tarar ya tafi gona, ya bi shi har gonar ya taya shi ɗaure itace kafin ya yarda ya taso. Mutumin ya nuna masa wani tulin ƙarfe da ya fi ɗaki tsawo, ya ce ya fasa injin irin nasu guda uku, kayan cikinsu suna nan a wani wuri, in ya ga zai iya. Rana ta take, ƙarfe ya ɗau zafin da ko kaza ba ta takawa. Mati ya tuɓe riga ya shiga ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, duk abin da ya yi kama da zanen ya auna da gindin gwangwani. A hanyar dawowa tayar babur ta fashe, ya bar shi a wata ruga ya ƙarasa da ƙafa.

Bayan azahar Malam Sallau ya hango shi tafe, leɓe ya bushe, da ƙulli a hankici. Mati ya durƙusa ya kwance ƙullin a kan tabarma: guda uku. Tsohon bai fara duban ƙarfen ba, hannun ya duba. Tafin duka biyu sun yi bororo, wasu sun fashe. Ya so ya kira sunansa ranar, sau ɗaya a duniya, amma bakin da ya saba da kunya shekara arba'in da biyar bai iya ba. Sai ya kama hannun ya riƙe.

To, ga uku, wanne za a sa? A jikin kowane tamostat akwai lambar da ke nuna zafin da yake buɗewa, amma biyu tsatsa ta cinye lambarsu, na ukun kuma an goge shi har ta shafe. Shi na ukun nan sai ƙyalli yake kamar sabo. Duk mazan da ke wurin suka nuna shi, har Tanimu, har shi kansa Malam Sallau ya gyaɗa kai. Cikin masu tsatsar akwai wani baƙi mummuna a gefe, mai lanƙwasasshen kunne, wani ma ya ce a ba yara su yi wasa da shi.

"Ku dakata," in ji Ladidi. "Ni ban san inji ba, amma na san ruwa. Ba zafi ne ke buɗe shi ba? To, a bar ni da su."

Ta kafa murhu nan ƙofar gida, ta ɗora tukunya. Ta ɗaure ukun da zare, ta haɗa da tsohon tamostat ɗin da Tanimu ya ciro daga motar, ta rataye su a jikin muciya ta gicciya a bakin tukunya yadda babu wanda zai taɓa gindi. Maza suka yi ta dariya, wai yau Ladidi miyar ƙarfe za ta ciyar da su, wani ya ce a sa daddawa. Ita dai ta ci gaba da hura wutarta. Shekara goma sha biyar tana dafa madarar waken suya, kuma mai awara da ba ta san matakan ruwa ba ta daɗe da barin sana'a. Ta san lokacin da ruwa ke yin shiru, da lokacin da yake fara siririn kuka, da lokacin da ƙananan ƙwayoyi kamar gero ke mannewa a gindin tukunya, da lokacin da suke sakin gindin su taso. Ta riƙa janye itace don kada wuta ta yi gaggawa, ta sunkuyar da fuska cikin tururi har idanunta suka yi ja.

Ruwa yana fara kuka, geron nan yana fara mannewa, sai mummunan nan ya buɗe baki a hankali, ya buɗe sosai. Can an jima ɗaya mai tsatsar ya bi shi. Tsohon na motar bai motsa ba sai da ruwa ya kusa tafasa, shi ma ɗan tsaga kawai ya yi, da ƙyar tsinke zai shiga. Mai ƙyallin kuwa, ruwa ya tafasa ya yi ta bori, yana nan rufe gam. Dariya ta ɗauke. Da shi aka sa, da injin ya ƙone a tsakiyar yashi da tsoho kwance a baya.

Ba ta tsaya nan ba. Ta sauke tukunya ta riƙa surka ruwan sanyi kaɗan-kaɗan. Mummunan ya rufe bakinsa tsaf, ɗayan ya tsaya a hangame, ya ƙi komawa. Sau uku tana maimaitawa daga farko, don ta ce sau ɗaya yana iya zama dace. Waken da ta jiƙa a gida ya yi tsami ya lalace, ko ta kansa ba ta bi ba. Ta tsamo mummunan, ta goge da bakin zane, ta sa a tafin ubanta. Malam Sallau ya dubi fuskarta da tururi ya dafa, ya ga mahaifiyarsa a tsugune gaban murhu, ya ce, "Uwata."

Na ce muku Tanimu ya ciro tsohon tamostat daga mota, na faɗa a gurguje kamar cire ƙaya. Ba haka aka yi ba. Murfin da tamostat ke ciki noti biyu ne ke riƙe da shi. Ɗaya ya kwance lafiya, ɗayan tsatsa ta haɗe shi da jikin inji. In kansa ya karye a ciki, babu mai injin haƙo shi a duk yankin, sai a ja motar zuwa birni, aikin mako guda. Tun fitar Mati maƙwabta ke cewa a zura bututu a sifana a danna da ƙarfi. Tanimu ya ce a yi masa haƙuri. Ya ɗiga man birki, ya ɗan ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma, ya jira. Ya ɗebo garwashi a ludayin ƙarfe ya kara a wurin ya ɗumama, ya sake ɗigawa. Ya murɗa kamar faɗin farce, ya mayar, ya sake murɗawa. Tun hantsi yake kife a kan inji har aka kira azahar, gumi na ɗiga daga gemunsa. Malam Sallau yana tabarma yana jin kowane ƙwas, yana son ya ce a yi sauri yana kuma tsoron a yi. Da notin ya yi wata 'yar ƙara ya saki, tsohon ya yi hamdala a ransa.

Da Ladidi ta gama nata, Tanimu ya kankare bakin murfin da reza har ya yi sumul. Babu gasket, wato takardar da ke hana ruwa yoyo, sai ya ɗora kwalin shayi a kan murfin ya riƙa bugun gefe-gefe da bayan sifana har siffar ta fito, ya shafa giris. A jikin tamostat akwai wata 'yar huda mai ɗan ƙarfe yana lilo, ya juya ta ta kalli sama don iska ta sami mafita. Ya ɗaure notin biyu bi da bi, kaɗan nan kaɗan can. Sannan ya sa aka tura motar hancinta ya hau tudun ƙasa, ya zuba ruwa a lagireto a hankali yana matsa mesa, iska na fita ɓul-ɓul. Ya tayar da inji, ya dafa mesar sama ya rufe ido yana jira. Malam Sallau ya ga yadda ya karkata kai, ya ga yatsu uku a kan mesa, ya gane. Shi ya koya wa Auta haka, shi kuma Nomau ne ya koya masa. Can Tanimu ya buɗe ido ya ce, "Baba, ya buɗe."

Ranar Alhamis da safe suka sake kama hanya. Tanimu na tuƙi, Ladidi a baya ta ɗora kan uban a cinya tana riƙe da lema, Mati da hannuwa a naɗe yana sauka duk inda yashi ya yi zurfi ya taka ya nuna wuri mai ƙarfi. Suka wuce inda ta tsaya shekaranjiya. Kowane ɗan lokaci tsohon sai ya ɗaga gira, Ladidi ta leƙa ta gilashi ta ce, "Tana ƙasa da rabi, Baba." Haka allurar ta tsaya har Tudun Aduwa.

Sun same shi da rai. Nomau ya rame har ba a gane shi, ido ya daina gani, amma tun motar tana bayan gari ya ce wa mutanen ɗakin ga Sallau nan. Aka shigo da ƙanen a kan katifa aka ajiye shi gefen wan. Tsofaffi biyu, ɗaya ba ido ɗaya ba harshe. Sallau ya yi ta kokawa da kalmar da ya taho da ita shekara ashirin da biyu, kafin ta fito Nomau ya lalubo hannunsa.

"A wannan ranar kuka keto yashi, ban ji tana haki ba," in ji shi. "Akwai tamostat a cikinta?"

"Akwai, Yaya."

"Mai buɗewa da wuri?"

"Shi ne."

"To, ka ji magana," in ji Nomau, ya yi 'yar dariyar da ta ƙare da tari.

Sallau ya ce, "Yaya, kai ka haife ni." Wannan karon babu wanda ya nemi Ladidi ta fassara. Nomau ya ce ya yafe tun ranar, shi ma a yafe masa faɗan gaban mutane. Mata suka fita tsakar gida suna share ido.

Kwana biyu suka yi kafaɗa da kafaɗa, Ladidi na ba wa Baffanta labarin miyar ƙarfe yana sa ta maimaita. Ranar Asabar da hantsi Nomau ya shafo igiyar da ke wuyan ƙanensa ya ce, "Sallau, tuƙi ya ƙare mana. Ka ba da makullin nan tun kana da rai. Amma ka ba wa mutum ɗaya. Kada ka ce su haɗa, haɗakar mota ce ta cinye mana shekara ashirin da biyu. Ka yi mini alkawari." Ya yi masa. Kafin la'asar Nomau ya cika, hannunsa a cikin na ƙanensa.

Bayan sadakar bakwai suka dawo Rijiyar Kalgo. Malam Sallau ya zauna gindin dalbejiya, ya ciro makullin ya ajiye a kan tabarma, ya tara su ukun. Mati ya ce a ba Auta, shi ya san ciwonta. Tanimu ya ce a ba Yaya Ladidi, don shi da hannunsa mai ƙyallin ya nuna. Ladidi ta ce a dubi tafin Yaya Mati tukuna, har yanzu ba ya iya riƙe fartanya. Tsohon ya dubi wannan ya dubi wancan. Ba don Mati ba, da babu abin da za a dafa. Ba don Ladidi ba, da matacce aka sa. Ba don Tanimu ba, da noti ya karye ana ji ana gani, Nomau ya tafi yana kiran sunan da ba a amsa ba. Ya taɓa ƙin jin maganar wansa sau ɗaya, ba zai ƙara ba, ga shi kuma duk wanda ya miƙa wa hannu sai ya ga idon sauran biyun.

Kada wani ya ce mini gado, wannan kyautar mai rai ce. Kada kuma wani ya ce Ladidi ba ta tuƙi, Mati ma bai iya ba, direba ba ya wuyar samu. Makulli yana nan kan tabarma, tsoho yana jira. Ku da kuka ji komai, tsakanin wanda ya nemo, da wadda ta tantance, da wanda ya ɗaura, wa Malam Sallau zai rataya wa igiyar nan a wuya?